Shin 'yan mishan ne ke kitsa juyin juya hali a ƙasashen da suka je wa'azi?

"Assalamu alaikum, Malam. Gardama ce ta kaure tsakanina da abokan karatuna. Ɗaya ya ce duk ƙasar da ka ga jama'a sun tashi sun kawar da mulkin soja da sunan dimokuraɗiyya, in ka tona za ka tarar da hannun 'yan mishan na Turawa, domin su ne idanu da kunnuwan gwamnatocinsu. Ɗayan ya ce sharri ne kawai, su ban da coci da asibiti da makaranta ba su san komai ba. Dukansu biyu da Koriya ta Kudu suka kafa hujja. Don Allah a warware mana."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambayoyi biyu ne a dunƙule: shin 'yan mishan na ƙasashen waje sun tsoma hannu a gwagwarmayar kawar da mulkin kama-karya, in kuma sun tsoma, da yawun wa suka yi, nasu ko na gwamnatocinsu? Abokanka sun zaɓi misali mai kyau, domin da wuya a sami ƙasar da aka ajiye shaidar wannan al'amari kamar Koriya ta Kudu. A kanta zan tsaya, don tarihin Asiya na zamanin yaƙin cacar baka shi nake koyarwa.

Abin da na gamsu da shi shi ne: 'yan mishan ba su kitsa juyin Koriya ba, ba su kuma jagorance shi ba. Wasu 'yan tsiraru daga cikinsu sun yi aiki guda mai muhimmanci, wato fitar da labarin zalunci zuwa waje a lokacin da aka toshe bakin 'yan ƙasa. Mafi yawansu shiru suka yi, wasu ma da gwamnati suke. Kuma waɗanda suka yi maganar, saɓa wa manufar gwamnatin ƙasarsu suka yi.

Yadda coci ya sami gindin zama a Koriya

Dole mu fara daga nan, don in ba haka ba za mu auna Koriya da ma'aunin ƙasarmu. Mu a nan, ɗan mishan da ɗan mulkin mallaka daga wuri ɗaya suka fito, harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, shi ya sa zargi ya zauna a zukatan mutane ko da yake gwamnatin Ingila ta daɗe tana taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi. A Koriya abin ya sha bamban. Wanda ya mallake su daga 1910 zuwa 1945 Japan ce, ba Kirista ba ce. Saboda haka Bakoriye bai ɗauki coci a matsayin addinin mai mulkinsa ba. Ɗariƙar Katolika ma 'yan ƙasar ne suka shigo da ita da kansu, bayan da aka yi wa Yi Seung-hun baftisma a Beijin a 1784. 'Yan mishan na Furotesta daga Amurka kuwa sun iso daga baya: likita Horace Allen a 1884, sai Horace Underwood da Henry Appenzeller a 1885. Suka buɗe makarantu irin su Paichai ta maza da Ewha ta mata, suka kuma rungumi rubutun Hangul na talakawa wajen buga littattafansu.

Da aka yi boren neman 'yanci na ranar 1 ga Maris 1919, mutum 33 ne suka sa hannu a takardar shelar 'yancin kai: 16 Kiristoci, 15 mabiya addinin gargajiyar Koriya na Cheondogyo, 2 kuma mabiya Buddha. Babu Bature ko ɗaya a cikinsu. Hasali ma an ɓoye wa galibin 'yan mishan shirin, domin ƙa'idarsu a lokacin ita ce ba ruwansu da siyasa. Amma akwai Frank Schofield, likitan dabbobi daga Kanada da ke koyarwa a kwalejin likitanci ta Severance. Da sojojin Japan suka tara mazan ƙauyen Jeam-ri a cikin coci ranar 15 ga Afrilu, suka harbe su suka cinna wa ginin wuta, mutum fiye da 20 suka mutu, Schofield ya je wurin da kyamararsa ya ɗauki hotuna, ya rubuta rahoto ya aika waje. Ka riƙe wannan siffa, domin ita ce za ta yi ta maimaituwa: 'yan ƙasa su shirya, 'yan ƙasa su mutu, baƙo ya ɗauki shaida. Koriyawa ba su manta masa ba. Da ya rasu a 1970, a maƙabartar gwarazan ƙasa da ke Seoul suka binne shi.

Zamanin Park Chung-hee, inda maganar take da nama

Janar Park ya ƙwaci mulkin Koriya ta Kudu a 1961. A watan Oktoban 1972 ya kawo kundin tsarin mulkin Yushin, wanda ya ba shi damar zama a kan kujera ba iyaka, daga baya ya riƙa fitar da dokokin ta-ɓaci da suka mayar da sukar kundin kansa laifi. Ƙasa tana bunƙasa ta fuskar masana'antu, amma a kan wuyan 'yan mata matasa da ke kwana a masaƙu da shagunan ɗinki. Tun a Nuwamban 1970 wani matashin tela mai shekara 22, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a kasuwar Pyeonghwa yana kiran a bi dokar ƙwadago. Wannan mutuwa ta girgiza ɗalibai da malaman coci fiye da duk wani wa'azin baƙo.

A cikin wannan yanayi George Ogle yake aiki. Fasto ne na ɗariƙar Metodis daga Amurka, ya zo Koriya a 1954, tun farkon shekarun 1960 kuma yake aikin mishan a tsakanin ma'aikatan masana'antu a birnin Incheon. Tsarinsu shi ne fasto ya cire rigar limanci ya shiga masana'anta ya yi aikin ƙarfi tare da leburori kafin ya buɗe baki ya yi musu wa'azi. Ta wannan hanya wata fasto Bakoriya, Cho Wha-soon, ta shiga masaƙar Dongil, inda a 1972 ma'aikata suka zaɓi mace ta shugabanci ƙungiyarsu. A 1978, da matan suka zo zaɓen ƙungiya, 'yan barandan kamfani suka watsa musu kashin mutum. Matan ne aka kora daga aiki, aka sa sunayensu a jerin waɗanda ba za a ƙara ɗauka a ko'ina ba.

A 1974 hukumar leƙen asirin Koriya ta sanar da cewa ta gano wata jam'iyyar juyin juya hali ta 'yan gurguzu da ke zuga ɗalibai. Aka kama mutane, aka gana musu azaba har suka amsa laifi, kotun soja ta yanke wa takwas hukuncin kisa. A Koriyar wancan lokaci, wanda aka liƙa wa tambarin gurguzu ko maƙwabcinsa gudun sa yake yi. Matan waɗannan mutane suka rasa mai sauraron su, sai suka je wurin Ogle. A watan Oktoba, a taron addu'ar da ake yi duk ranar Alhamis don fursunonin siyasa, ya tashi ya roƙi a yi wa mutanen takwas addu'a, ya ce ba a nuna wata hujja a kansu ba. Hukumar leƙen asiri ta ɗauke shi, aka kwana ana yi masa tambayoyi. Shugaban Amurka Gerald Ford ya kai wa Park ziyara a watan Nuwamba, a tsakiyar Disamba kuma aka tasa ƙeyar Ogle zuwa filin jirgi.

Wanda ya ɗauki maganar bayansa fada ne na Katolika Ba'amurke daga ƙungiyar mishan ta Maryknoll, James Sinnott, wanda ya shafe shekaru yana aiki a tsibiran da ke kusa da Incheon. Ya riƙa kai matan wurin 'yan jaridar ƙasashen waje. Bai hana komai ba. Ranar 8 ga Afrilu 1975 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin, washegari da sassafe aka rataye mutum takwas ɗin. Wasu gawarwakin ma ba a bari iyalai sun yi musu jana'iza ba, 'yan sanda suka ƙwace suka kai aka ƙone, abin da iyalan suka ce an yi ne don ɓoye tabon azaba. Bayan 'yan kwanaki wasu 'yan mishan Amurkawa suka tsaya a ofishin jakadancin ƙasarsu da baƙaƙen ƙyallaye a kawunansu da igiyoyi a wuya, suna nuna fushinsu da shirun da Amurka ta yi. Kafin watan ya ƙare an kori Sinnott shi ma. Sai a 2007 wata kotu a Seoul ta sake shari'ar ta wanke mutanen takwas, shekara 32 bayan rataye su.

Ka dubi wannan da idon basira. Da Ogle da Sinnott 'yan aiken Washington ne, da me zai kai su yi wa ofishin jakadancinsu zanga-zanga? Amurka tana da sojoji wajen 40,000 a Koriya a lokacin, abin da take so shi ne gwamnati mai ƙarfi a gaban Koriya ta Arewa, kuma Park ya ba ta wannan. Mutanen nan ƙaya suka zame wa jakadansu. Da suka koma gida, majalisar dokokin Amurka suka nufa, inda ɗan majalisa Donald Fraser ke gudanar da zaman sauraron bahasi kan haƙƙin ɗan Adam, suka yi ta fallasa abin da gwamnatinsu ke kau da kai a kansa.

To me ya sa su suka iya magana? Fasfo. Bishop Ji Hak-soon na Wonju, ɗan ƙasa, da ya soki kundin Yushin a 1974, kotun soja ɗaurin shekara 15 ta yanke masa, ko da yake an sake shi a shekarar da ta biyo. Baƙo kuwa iyakar abin da za a yi masa a hana shi biza. Waɗanda suka san wannan gata suka ga nauyi ne a kansu su yi amfani da shi. Akwai wata 'yar ƙungiya ta 'yan mishan da ke haɗuwa a gidajen juna duk daren Litinin, suna tattara sunayen waɗanda aka kama, suna fassara bayanan fursunoni, suna ba matafiya su fitar da su zuwa Tokyo. Da irin waɗannan takardu wani malami Bakoriye da ke gudun hijira a Japan, Chi Myong-kwan, ya riƙa rubuta rahoto duk wata a mujallar Sekai da sunan ɓoye, bai bayyana kansa ba sai a 2003.

Waɗanda suka yi shiru

Wannan ɓangaren ne abokinka na biyu ya kamata ya ji. A aikina nakan ba ɗalibai wasiƙun da 'yan mishan ke aika wa cocinan da ke ɗaukar nauyinsu, in ce su nemo siyasa a ciki. Sukan dawo da mamaki. Shafi bayan shafi maganar rufin ɗakin kwanan ɗalibai ne, da kuɗin injin asibiti, da yawan waɗanda aka yi wa baftisma a bana, da roƙon a ci gaba da addu'a. Ana rataye mutane a birni ɗaya da marubucin, wasiƙarsa ba ta ko ambata ba. Wasu tsoron a rufe musu aiki ne ya hana su, wasu sun yi imani cewa biyayya ga hukuma umarnin Littafi Mai Tsarki ne, wasu kuwa sun ga abin da 'yan gurguzu suka yi wa coci a Koriya ta Arewa, saboda haka duk mai yaƙi da gurguzu nasu ne. Masu maganar sun sha suka daga abokan aikinsu cewa baƙo ba ya shiga faɗan masu gida.

Shirun ma matsayi ne, domin gwamnati ta ci moriyarsa. A 1973, watanni bayan kafa Yushin, mai wa'azin Amurka Billy Graham ya yi gangami a dandalin Yeouido na Seoul, aka ƙiyasta mutum fiye da miliyan ɗaya a ranar ƙarshe. Gwamnatin da ke hana ɗalibai ɗari taruwa ita ta buɗe wannan fili, ta kuma nuna wa duniya cewa ga 'yancin addini. Cewa su coci da asibiti kaɗai suka sani bai wanke kowa ba.

Gwangju da 1987

An harbe Park a Oktoban 1979, kuma shugaban hukumar leƙen asirinsa ne ya harbe shi. Janar Chun Doo-hwan ya karɓe ragamar soja a Disamba. Ranar 18 ga Mayu 1980 sojojin laima suka far wa ɗalibai a birnin Gwangju da kulake da banati, mutanen gari suka fusata suka ɗauki makamai suka kori sojojin, suka riƙe birnin har zuwa 27 ga wata. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 200 ba, iyalai da masu bincike suka ce sun zarce haka. An yanke wayoyi, an rufe hanyoyi, jaridu suna kiran mutanen gari 'yan tarzoma. Wasu 'yan mishan suka ƙi ficewa. Charles Betts Huntley, limamin asibitin Kirista na garin, ya ɗauki hotunan gawarwaki da masu rauni, ya ɓoye mutane a gidansa. Arnold Peterson na ɗariƙar Baptis ya yi wa 'yan jaridar waje tafinta, ya rubuta abin da ya gani. Amma wanda ya tsaya a ginin gwamnatin lardi har sojoji suka kashe shi a daren ƙarshe shi ne Yoon Sang-won, kakakin mutanen gari. Ita kuwa Amurka, rundunar haɗin gwiwa da janar ɗinta ke jagoranta ta amince a janye wata runduna ta sojan Koriya aka tura Gwangju, kuma a Fabrairun 1981 shugaba Ronald Reagan ya karɓi Chun a fadar White House. Daga nan ƙin jinin Amurka ya shiga jinin ɗaliban Koriya, har suka cinna wa cibiyar al'adun Amurka ta Busan wuta a 1982.

Juyin da ya yi nasara na 1987 ne, kuma a cikinsa da ƙyar za ka ga baƙo. A watan Janairu 'yan sanda suka kashe ɗalibi Park Jong-chul da azabar ruwa, suka ce tebur suka buga ya faɗi ya mutu. Gaskiyar ta fito daga kurkuku ta hannun wani ɗan jarida da ke tsare da gandirobobin da suka taimaka masa, ƙungiyar fada-fadan Katolika 'yan ƙasa ta karanta ta a babban cocin Myeongdong ranar 18 ga Mayu. A watan Yuni gwangwanin barkonon tsohuwa ya sami ɗalibi Lee Han-yeol a ka. Ma'aikatan ofis masu ɗaure da nakataya suka fito titi tare da ɗalibai, limaman Buddha ma suka shiga. Da masu zanga-zanga suka fake a Myeongdong, Kadinal Kim Sou-hwan, Bakoriye, shi ya tsaya tsakaninsu da 'yan sanda. Ga wasannin Olamfik na 1988 sun ƙarato, gwamnati ba ta son duniya ta ga jini. Ranar 29 ga Yuni Roh Tae-woo, ɗan takarar jam'iyyar Chun, ya sanar da amincewa da zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye.

Inda zargin yake da tushe

Abokinka na farko bai ƙirƙiro zarginsa daga iska ba. Kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Frank Church, wanda ya binciki hukumomin leƙen asiri a 1975 da 1976, ya tabbatar da cewa CIA ta yi amfani da wasu malaman addini da 'yan mishan a ɓoye. Kukan da cocinan Amurka kansu suka yi ya sa hukumar ta sanar a 1976 cewa ta daina ɗaukar su aiki. Sai dai ka lura da alkiblar abin: a zamanin cacar baka, inda aka yi irin wannan haɗin baki galibi don yaƙi da gurguzu ne, wato don kare irin su Park, ba don tumɓuke su ba. Waɗanda suka bi bayan talakawa su ne suka sha wuya. A El Salbado, a Disamban 1980, sojojin gwamnatin da Amurka ke ba makamai suka kashe mata huɗu Amurkawa ma'aikatan coci. A Taiwan an kori Milo Thornberry a 1971, shi da ya taimaka wa ɗan adawa Peng Ming-min ya tsere.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Wani masani, Robert Woodberry, ya wallafa bincike a 2012 yana cewa ƙasashen da 'yan mishan na Furotesta suka fi yawa a da sun fi samun dimokuraɗiyya daga baya, saboda karatu da ɗab'i da ƙungiyoyin sa kai da suka yaɗa. Wasu masanan sun sake lissafin da wasu ma'aunai suka ce sakamakon bai tsaya ba. Ni Koriya kanta ta isa ta sa ni taka-tsantsan. Syngman Rhee ɗan makarantar Paichai ne, Kirista, ya zama shugaban Koriya ta Kudu na farko, ya kuma rikiɗe ya zama ɗan kama-karyar da ɗalibai suka kora a Afrilun 1960. Pyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa a yau, ita ce cibiyar Kiristanci mafi ƙarfi a duk Koriya kafin 1945, kuma Kim Il-sung, wanda ya kafa mulkin gurguzu a can, daga gidan Kiristoci ya fito. Makaranta ɗaya tana iya yaye mai neman 'yanci da mai danne shi.

Wani abu da nake jan hankalin ɗalibaina a kai shi ne cewa labarin da ke isowa gare mu da Turanci yake zuwa, kuma yawancinsa 'yan mishan ɗin ne ko 'ya'yansu suka rubuta. Wannan kan ƙara musu girma a idon mai karatu daga nesa. Sunan Ogle ya fi sauƙin samu fiye da sunayen matan masaƙar Dongil, alhali su suka rasa abin yi. Sannan hukuncin da na yanke a kan Koriya ne. Ba zan ɗauke shi in ɗora wa kowace ƙasa ba. A yaƙin basasar Najeriya, alal misali, fada-fadan ƙasar Ireland da suka yi aikin agaji da yaɗa labari a ɓangaren Biyafara, gwamnatin Gowon ta ɗauke su masu goyon bayan 'yan aware ta kore su a 1970, kuma wannan shari'a ce daban da ke buƙatar nata zaman.

In gardamar ta sake tashi, ku riƙa tambayar wa ya tsara tafiyar, wa ya shiga kurkuku, sannan gwamnatin ƙasar baƙon tana bayan wa a wannan shekara. Ina kuma kyautata zaton abokinka na farko yana cakuɗa 'yan mishan da wani abu na daban, wato ƙungiyoyin tallafa wa dimokuraɗiyya da gwamnatoci ke ba kuɗi. Majalisar Amurka ta kafa asusun NED (National Endowment for Democracy) a 1983 don wannan aiki, kuma ƙungiyar matasan Otpor da ta taimaka wajen kifar da shugaba Slobodan Milosevic a Sabiya a 2000 ta karɓi kuɗi da horo daga cibiyoyin Amurka. A can hannun gwamnatin waje a bayyane yake, da kasafin kuɗinsa a rubuce, kuma ma'aikatansa ba masu wa'azi ba ne.